Yabo na yi nufi, shifu ya ji gatse: yaya zan koyi kalmomin ƙara a Sinanci?

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne, ina birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina koyon Sinanci, yanzu ina shirin jarrabawar HSK, wadda ake auna ƙwarewar baƙi a Sinanci da ita, mataki na 4. Kawuna ne yake biya mini kuɗin makaranta, da sharaɗin in riƙa yi masa tafinta a masana'antun da yake sayen injinan niƙa da janareta yana aikawa Kano. Kwanakin baya muna wata masana'anta, dattijon da ke kula da injina, wanda kowa ke kira shifu, yana yi mini bayani ana tsaka da aiki. Ya tambaye ni ko ina jin sa. Na so in ce muryarsa tana fita sosai, sai na ce masa "nǐ hěn chǎo". Yaransa suka tuntsire da dariya, shi kuwa ya ɗaure fuska, tun daga ranar amsa ɗaya yake ba ni ya juya. A makon kuma wani abokin cinikin kawu ya kira daga gida ya ce injinsa yana wata irin ƙara. Na kasa bayyana wa masana'anta irin ƙarar, iyakar abin da na faɗa shi ne "akwai sauti". Kawu ya ce a gaban mutane kuɗinsa sun tafi a banza. Malamarmu kuma ta ce in bar waɗannan kalmomi in fuskanci jarrabawa. Na tara kalmomi kusan 40 daga ƙamus, duk fassararsu ƙara ko hayaniya, sun cakuɗe mini. Yanzu tsoron buɗe baki nake yi. Yaya zan yi?

Wani ɗalibi, Guangzhou

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Dariyar yaran shifu da maganar kawunka sun faɗo maka a mako guda, dukansu kuma a gaban mutane, don haka ba mamaki bakinka ya yi nauyi. Amma ka sake duba abin da ya faru. Injina na aiki, ka fahimci tambayar dattijon, ka amsa nan take da jimlar da nahawunta daidai ne. Kalma ɗaya ce ta kauce. Wanda ya kai nan bai ɓarar da kuɗin kowa ba. Hanyar da ka bi ce ta cuce ka, wato tara kalmomi 40 a ƙarƙashin fassara guda. Ƙamus zai ba ka ma'ana, amma sau da yawa ba ya gaya maka ko kalmar ta ƙorafi ce, ko ta yabo, ko ta rahoto kawai, kuma a zancen ƙara wannan bambancin shi ne kusan komai.

Mu fara da wadda ta haɗa ka da shifu. Chǎo (吵) kalmar ƙorafi ce, tana nufin sautin ya dami mai magana. In ka ce "zhèlǐ hěn chǎo", nan akwai hayaniya, ba ka taɓa kowa ba, wuri ka ambata. In ka ɗora ta a kan mutum kuwa, ma'anar ta koma "kana damun mutane da surutu", irin abin da uwa ke gaya wa yara ko ɗalibi ya gaya wa abokin ɗakinsa. Daga ita aka samu chǎojià (吵架), wato cacar baki. Ka kuma yi amfani da nǐ, wato "kai", ba nín (您) ta girmamawa ba. Amsar da tambayarsa ke nema gajeriya ce: "tīng de hěn qīngchu" (听得很清楚), ina ji sarai. In yabo kake so ka ƙara, sai ka ce "nín shēngyīn hěn hóngliàng" (您声音很洪亮), muryarku tana da amo.

Ka tsaya ta ɓangarensa kaɗan. Mutumin da ya shafe shekaru a tsakiyar injina yakan riƙa magana da ƙarfi, wani lokacin saboda sabo, wani lokacin saboda ji ya fara raguwa, kuma mai yiwuwa mutanen gidansa sun sha yi masa wannan ƙorafin. Da wuya bai gane kuskuren baƙo ba ne. Abin da ya fi ciwo shi ne dariyar yaran da yake koya wa aiki, domin Sinawa suna ɗaukar mutuncin mutum a idon jama'a, abin da suke kira miànzi (面子), da matuƙar muhimmanci. Akwai kuma wata fassarar da ta fi sauƙi: ta yiwu ya yanke cewa Sinancinka bai kai na dogon bayani ba, shi ya sa yake taƙaita amsa. Ko wacce ce daga cikinsu, maganin ɗaya ne.

Ka same shi shi kaɗai, lokacin hutun rana ko wajen shan shayi, ba a bakin inji ba. Ka zuba masa shayi, ka miƙa da hannu biyu, ka ce: "Shīfu, shàng cì shì wǒ yòngcuò cí le. Wǒ xiǎng shuō de shì nín shēngyīn hóngliàng, wǒ tīng de hěn qīngchu. Duìbuqǐ." Wato, shifu, rannan ni ne na yi kuskuren kalma, abin da na so in faɗa shi ne muryarku tana da amo kuma ina ji sarai, a yi haƙuri. Ka maimaita jimlar a ɗaki har ta zauna a bakinka, ka faɗe ta sau ɗaya tak. In ya ce "méi shì", ba komai, ka bar maganar a nan, domin nanata ban haƙuri zai tilasta masa ya sake tuna abin. Sauran aikin a gaban yaran za ka yi shi, tunda a gabansu aka yi ɓarin. Wata rana kuna wajen injina ka ce "xiǎng qǐngjiào nín yí ge wèntí" (想请教您一个问题), ina so in nemi ilimi a wurinku kan wani abu, ka tambaye shi yadda ake kiran ƙarar da wani inji yake yi. Qǐngjiào kalma ce da ƙarami ke amfani da ita ga masani, kuma a duk garin da wuya ka sami wanda ya fi shi sanin abin da kake nema. In ya ci gaba da shan ƙamshi bayan haka, kada ka matsa. Ka riƙa gaishe shi, ka kai tambayoyinka sashen kula da masu saye, wanda suke kira shòuhòu (售后).

Yanzu kalmominka 40. Ka ajiye mafi yawansu a gefe, ba yau za ka buƙace su ba. Sauran ka raba su kashi uku bisa abin da suke cewa game da mai sautin.

Kashi na farko na rahoto ne, ba zargi ba yabo, kuma shi ne mafakarka duk lokacin da ka yi shakka. Shēngyīn hěn dà (声音很大), sautin yana da ƙarfi, ana faɗa wa inji, talabijin, mutum, komai. Ka lura da "babba" da "ƙarami" Sinawa ke auna ƙarfin sauti, dà da xiǎo. Bahaushe da ya saba da ɗaga murya yakan miƙa hannu ga gāo, wato sama, alhali shēngyīn hěn gāo ana iya jin ta a matsayin muryar siririya ce. Sai xiǎng (响), wadda ke aiki biyu. Sifa ce a "tài xiǎng le", ƙarar ta yi yawa, aikatau ce a "diànhuà xiǎng le", waya ta yi ƙara. A masana'anta za ka yi ta jin "yìzhí xiǎng", ba ya daina ƙara, da "yuè lái yuè xiǎng", ƙarar sai ƙaruwa take. Ta uku ita ce dàshēng (大声), wadda galibi ke zuwa kafin aikatau na magana: dàshēng shuō, faɗa da ƙarfi. In ba ka jin mutum, ka ce "qǐng dàshēng yìdiǎnr". In kana so ya sassauta, ka ce "bù hǎoyìsi, máfan nín xiǎoshēng yìdiǎnr", ba sai ka ambaci chǎo ba sam. A Guangzhou za ka ji ana cewa "hěn dàshēng", wannan ya zama ruwan dare a kudu, kada ya ruɗe ka.

Kashi na biyu na ƙorafi ne, a nan chǎo take. Dokarka da su ita ce a kan wuri ko abu, ba a kan mutumin da ke gabanka ba. Zàoyīn (噪音) suna ne, ƙarar da ba a so, don haka "zàoyīn hěn dà" ake cewa, ba "hěn zàoyīn" ba, kuskuren da ɗalibai ke yawan yi. Cì'ěr (刺耳) ƙara ce mai soke kunne, kamar ta birki ko ta ƙarfe yana gogar ƙarfe, ana kuma faɗa wa magana mai zafi. Cáozá (嘈杂) ta wuri ce mai sautuka barkatai kamar tasha, ta fi zuwa a rubutu. Xuānhuá (喧哗) karanta ta za ka yi a bangon asibiti da ɗakin karatu, a cikin "qǐng wù dàshēng xuānhuá", don Allah ban da hayaniya, ba lallai ka taɓa furta ta ba. Rǎomín (扰民), damun mazauna unguwa, ita ce za ka gani a sanarwar ƙofar gidajen haya, kuma tana da doka a bayanta: dokar hana damun jama'a da ƙara ta ƙasar Sin, wadda ta fara aiki ranar 5 ga Yuni 2022, ta ƙidaya dare daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Akwai guda biyu da za ka gane amma ka kiyayi faɗa wa babba. Sǎngmén dà (嗓门大), mai babban maƙogwaro, tsakanin abokai wasa ce, ga dattijo raini ce. Hǒu (吼) kuwa daka tsawa ce.

Kashi na uku na yabo ne. Hóngliàng ta muryar mutum ce mai kauri da cika wuri, ko ta babbar ƙararrawa. Xiǎngliàng (响亮) ƙarfi ne tare da fita tar, kamar amsar ɗalibi ko tafi. Liáoliàng (嘹亮) ta waƙa da begila ce, ka bar ta sai gaba. Wadda za ta fi yi maka amfani a zaman yau da kullum ita ce rènao (热闹), cikar wuri da mutane da raha. Kasuwar dare, biki, gidan da baƙi suka cika lokacin sabuwar shekarar Sinawa, duk rènao ne, kuma abin so ne a wurinsu. In aka gayyace ka irin wannan wuri ka ce "zhēn rènao", ka yabi mai gida. In ka ce "zhēn chǎo", ka kushe taron. Amma zhèn ěr yù lóng (震耳欲聋), ƙarar da ke neman kurmanta mutum, da yì shēng jùxiǎng (一声巨响), wata gagarumar ƙara guda, na labarai da insha'i ne.

Matsalar injin Kano daban ce, ita ce kuma ta fi shafar aljihun kawunka. Kalmar da masu gyara ke amfani da ita ita ce yìxiǎng (异响), baƙuwar ƙara, wadda lafiyayyen inji ba ya yi. "Jīqì yǒu yìxiǎng" kaɗai da ka faɗa da an ɗauke ka da muhimmanci. In ka manta ta, "shēngyīn bú duì", sautin ba daidai ba ne, ta wadatar. Daga nan shifu zai tambayi irin ƙarar, sai a shiga kalmomin kwaikwayon sauti, waɗanda suke kira nǐshēngcí (拟声词). A nan kana da riba a kan yawancin 'yan ajinku, domin Hausa cike take da amsa-kama. Wanda ya san bambancin faɗuwa tim da rufe ƙofa garam da buga ta ƙwas-ƙwas ya riga ya san yadda tsarin yake, sauran kawai ya sauya sautukan.

Ga waɗanda injina ke buƙata. Wēngwēng (嗡嗡) gunji ne mai ɗorewa, na motar da ke juya inji ko taransifoma, kuma in ya ƙaru fiye da da, masu gyara sukan fara duba boris, wato zhóuchéng (轴承). Zhīzhī (吱吱) ƙara ce siririya, irin ta bel, pídài (皮带), in ya saki yana zamewa. Gāzhī (嘎吱) kukan abu ne da nauyi ya danne ko ya bushe ba mai. Kuāngdāng (哐当) ƙarfe ne ya bugi ƙarfe, abin da ake ji in noti ya kwance ko wani abu yana yawo a ciki. Dādā (哒哒) bugu ne ƙanana a jere da sauri, tūtū (突突) kuwa tafiyar injin dizal ce mai silinda ɗaya, wadda ba laifi ba ce. Pēng (砰) fashewa ce ko bugu guda mai ƙarfi, kāchā (咔嚓) karyewa, hōnglōng (轰隆) rugugi irin na aradu ko babbar mota, pīlipālā (噼里啪啦) tartsatsi a jere kamar na wasan wuta ko wayar lantarki. Yawancin haruffan suna ɗauke da alamar baki, 口, a gefen hagu, wadda ke nuna maka cewa sauti ake kwaikwaya, kada ka wahalar da kanka neman wata ma'ana a ciki.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne wurin ajiye su a jimla. Hausa tana kawo amsa-kama a ƙarshe, ya rufe ƙofa garam. Sinanci yana kawo sautin kafin aikin, kuma ƙira biyu za su ɗauke maka kusan komai. Ta abin da ya auku sau ɗaya ita ce sauti, sai "de yì shēng", sai aikin: "mén pēng de yì shēng guānshàng le" (门砰的一声关上了), ƙofa ta rufu garam. Ta abin da ke ci gaba ita ce a ninka sautin a bi shi da xiǎng: "diànjī wēngwēng xiǎng", motar inji tana ta gunji, ko "kuāngdāng kuāngdāng de xiǎng". Ninkawar tana da ma'ana. Kuāngdāng guda na nufin abu ya faɗi ko ya bugu sau ɗaya, ninkakke na nufin yana ta bugawa a kowane juyi, kuma ga mai gyara waɗannan cututtuka ne daban-daban.

Idan aka sake kira daga gida, ka yi wa mai injin tambaya huɗu da Hausa kafin ka taɓa WeChat, manhajar aika saƙo ta Sinawa: daga ina ƙarar take fita, yaushe take farawa, wace iri ce, kuma tana tsayawa ko ba ta tsayawa. Ka sa ya ɗauki bidiyo biyu na daƙiƙa 30, ɗaya lokacin tayar da injin yana sanyi, ɗaya yana cikin niƙa, wayar tana nesa da shi kamar mita ɗaya, ya fara nuna farantin da ke ɗauke da lambar injin, míngpái (铭牌). Bidiyo kaɗai ba ya isa, domin waya tana daidaita ƙarfin sauti da kanta, ƙarar da ke hana magana sai ta fito kamar ba komai ba. Saboda haka ka haɗa da saƙo irin wannan: "Shīfu, zhè tái jīqì yì qǐdòng jiù xiǎng, shēngyīn zài pídài nàbiān, zhīzhī de, hěn jiān, zhuàn jǐ fēnzhōng yǐhòu xiǎo yìdiǎn." Wato, injin nan da an tayar sai ya fara ƙara, ta wajen bel take, zhīzhī take yi, siririya ce, bayan 'yan mintoci tana raguwa. Jiān (尖) siririya mai tsini, chénmèn (沉闷) mai nauyi a dushe, ǒu'ěr (偶尔) jefi-jefi, da waɗannan uku za ka sauya saƙon ya dace da wata matsalar. Kai dai ka tsaya a kan faɗin abin da aka ji, ka bar wa shifu faɗin abin da ya lalace. Tafintan da ya ce boris ne, aka aika boris har Kano ya zama ba shi ba ne, shi za a ɗora wa asarar. In kuwa bugun ƙarfe ne mai ƙarfi, ka ce a kashe injin har amsa ta zo.

Furuci ma yana da tarkonsa ga Bahaushe. Ba mu da p tsayayye, takan zame ta koma f, sai pēng ta fito fēng, wato iska. Ka riƙe 'yar takarda a gaban baki, ka haɗe leɓɓa gam ka sake su da hucin iska, in takardar ta motsa ka yi daidai. Harafin c na pinyin, wato rubutun Sinanci da haruffan boko, ba namu ba ne, ya fi kusa da ts ɗinmu amma da hucin iska maimakon matsewar maƙogwaro, don haka cáozá da cì'ěr da ts za ka fara su. Ch ɗinsu ne ya fi kama da c ɗinmu, tare da ɗan lanƙwasa harshe baya. Kada ka yi mamaki in ka ji shifu da yaransa suna cewa sēngyīn maimakon shēngyīn, mutanen kudu da yawa ba sa bambanta sh da s, ko ch da c. Ka saba da jin haka, amma kada ka kwaikwaya. A karin sauti kuma Hausa ta riga ta ba ka uku daga cikin huɗu. Kari na 1 shi ne karin sama namu a riƙe, kamar a "kai" ta kiran mutum. Kari na 4 shi ne faɗau, kamar a "kai" na jiki. Kari na 3 a tsakiyar magana karin ƙasa ne kawai. Kari na 2 mai hawa shi ne baƙo, shi ke neman atisaye, kuma za ka buƙace shi, domin in kari na 3 biyu suka haɗu na farko yana komawa na 2: hěn xiǎng ana furta ta hén xiǎng. In ka ɗaga xiǎng ta zama xiāng, ka ce injin yana ƙamshi. Sa'arka ɗaya, kusan duk kalmomin kwaikwayon sauti a kari na 1 suke.

Ka ba abin mako huɗu, minti 15 da safe, minti 10 da dare. Makon farko kalmomin nan da muka raba kashi uku kawai, kowace a cikin jimla biyu da ka ɗauko daga misalan ƙamus irin Pleco, ba waɗanda ka ƙirƙira ba. Mako na biyu ka naɗi sautuka 15 da wayarka, ƙofar jirgin ƙasa, babur, fanka, tukunya, injina. Ka nemi izini kafin ka naɗi komai a masana'anta, da yawa sun hana ɗaukar hoto. Ka kunna wa Basine kowane sauti ka tambaya "zhège shēngyīn zěnme xíngróng?" (这个声音怎么形容), yaya ake siffanta wannan sautin? Mutum biyu za su iya ba ka amsa biyu, kuma duka daidai ne, ka riƙe wadda masu aikin suka fi faɗa. Ka zuba su a Anki, manhajar katunan bita, yadda gaban kati sautin ne, bayansa jimlar Sinanci, ba Hausa ba Turanci a tsakani. Fassarar ce ta cakuɗa maka su tun farko, tunda duk sun koma "ƙara". Kada sababbin katuna su wuce biyar a rana. Mako na uku ka riƙa faɗin ƙirar jimlolin nan biyu da baki kana naɗar kanka. Na huɗu ka rubuta rahoton matsalar inji guda uku na gwaji, ka kai a gyara maka.

Malamarku tana da gaskiya ta fuskar jarrabawa. A tsohon tsarin HSK mai matakai shida, mataki na 4 kalmomi 1,200 yake nema, xiǎng da rènao suna ciki, zàoyīn sai a mataki na 6, kalmomin kwaikwayon sauti kuwa kusan babu su. Ita sakamakonka take karewa, ba ta san kana da aiki a masana'anta da ba zai jira ba, sai in ka gaya mata. Ka bar mafi yawan lokacinka ga jarrabawa, ka roƙe ta minti 10 a mako ta duba jimlolinka da karin sautinka.

Kawunka kuwa, maganarsa ta yi zafi, kuma bai kamata ya faɗe ta a gaban mutane ba. Sai dai ka tuna a lokacin abokin ciniki ne ke kiransa daga gida, sunansa a kasuwa ne ke rawa, shi kuma ba shi da ma'aunin gane inda Sinancinka ya kai sai irin wannan ranar. Musu ba zai amfane ka ba. Ka koma kan matsalar injin nan in ba a warware ta ba, ka yi tambayoyin huɗu, ka aika saƙon, ka kai masa amsar masana'anta a fassare. Bayan hankalinsa ya kwanta, ka zauna da shi cikin ladabi ku shata iyaka: ciniki, ziyara da rahoton matsala naka ne, amma yarjejeniya a rubuce da sharuɗɗan garanti, bǎoxiū (保修), a ɗauko gogaggen tafinta kai kana gefensa kana koyo, har ka wuce mataki na 5. In kana jin nauyin gaya masa cewa faɗa a bainar jama'a yana rage maka kwarjini a idon Sinawan da kake yi masa ciniki da su, ka nemi wani babba da yake jin maganarsa ya isar.

Tunda za ka riƙa kasa kunne ga injina da gangan, ka kare kunnen. Ma'aunin ƙara a Sinanci fēnbèi (分贝) ne. Iyakar da aka saba bi a wuraren aiki, har da ƙasar Sin, ita ce 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, wato 88 awa 4 ke nan. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, wurin ya kai ko ya wuce. Ka sayi abin toshe kunne, ěrsāi (耳塞), ka cire shi na ɗan lokacin saurare kawai ka mayar. In ka fara jin wani sauti a kunne bayan an tashi aiki, sunansa ěrmíng (耳鸣), kuma in ya kwana biyu bai tafi ba, ka je asibiti ka nemi sashen ěrbíhóukē (耳鼻喉科), na kunne da hanci da maƙogwaro.